Kwamfutar hannu ga kowane ɗalibi: tana ƙara ilimi ne ko tana raba hankali?

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da iyayen da ke wannan zaure. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma makarantarmu ta samu wani tallafi da aka ware domin kayan koyarwa, sai ra'ayi ya rabu a tsakanin malamai game da abin da ya dace a yi da shi. Wani ɓangare yana son a saya wa kowane ɗalibi kwamfutar hannu, bisa hujjar cewa duniyar da yaran nan za su yi aiki a cikinta ta na'ura ce, kuma duk wanda ya kammala karatu bai iya sarrafa kwamfuta ba to an bar shi a baya tun kafin ya fara neman aiki. Ɗaya ɓangaren yana ganin a sa majigi da kwamfuta ɗaya a kowane aji, su kasance a hannun malami, sauran kuɗin kuma a zuba su a littattafai da kayan ɗakin gwaje-gwaje. An nemi kowannenmu ya rubuta ra'ayinsa kafin a yanke shawara.

Abin da ya hana ni rubuta nawa shi ne ina ganin gaskiya a kowane ɓangare. Idan na nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na yadda jini ke zagayawa tsakanin zuciya da huhu, suna fahimtar abin cikin ɗan lokaci fiye da yadda zanena na allo ke fahimtar da su. Amma idan na ba su izinin neman wani bayani da kansu a na'ura, sai na tarar da kaso mai yawa daga cikinsu sun bar abin da na sa su sun shiga wani abu daban, kuma dawo da hankalinsu kan darasi yakan ci lokacin da ya fi wanda aka samu.

Ina roƙon waɗanda suka san abin da bincike ya nuna, da waɗanda suka gwada da hannunsu, su taimaka mini. Shin akwai hujja mai ƙarfi cewa raba wa ɗalibai na'ura yana ƙara musu maki da fahimta? Waɗanne ayyuka ne na'ura ta fi alli da allo iyawa? Kuma waɗanne matsaloli ne ba a ganinsu sai bayan an riga an kashe kuɗin?

Mai Nazarin Harkokin Ilimi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Wannan tambaya ta girmi kwamfuta kanta. Tun a shekarar 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa ba da jimawa ba za a daina amfani da littafi a makarantu, domin a ganinsa hoton majigi zai maye gurbinsa, kuma an sake yin irin wannan alƙawari lokacin da rediyo ta zo, aka sake yinsa lokacin talabijin. Amfanin tuna wannan shi ne kada ɗokin sabon abu ya sa a manta da neman hujja, kuma hujjar tana nan, domin an gwada ainihin abin da abokan aikinki suke son yi, a ƙasashe da dama kuma da yara masu tarin yawa.

Gwaji mafi shahara shi ne shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya ƙaddamar a 2005. Ƙasar Peru ta rungumi shirin sosai, ta raba wa yara ɗaruruwan dubban kwamfutoci. Masana daga Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka sun bi diddigin makarantun firamare 319 na karkara, waɗanda aka zaɓi masu samun na'urar daga cikinsu ta hanyar ƙuri'a domin kada son rai ya shiga, kuma a rahoton da suka fitar a 2012 sun nuna cewa bayan wata 15 yaran da suka samu kwamfuta ba su fi waɗanda ba su samu ba a lissafi ko a harshe. Sun iya sarrafa na'urar, kuma an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma karatun da aka sayi na'urar dominsa bai motsa ba. Dalilin bai ɓuya ba: kwamfutocin ba su zo da manhajar da aka ɗaura ta kan darussan lissafi da harshe da ake koyarwa ba, kuma yadda malamai ke koyarwa bai canza ba. An shigo da na'ura cikin aji, darasin kuwa yana nan yadda yake.

Ƙungiyar OECD, wadda ƙasashe suka kafa domin haɗin kai kan tattalin arziki da ci gaba, ta fitar da wani rahoto a 2015 wanda ya dogara da jarrabawar PISA da ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe masu yawa. Abin da ya nuna shi ne ɗaliban da ke amfani da kwamfuta daidai wa daida a makaranta sun ɗan fi waɗanda ba safai suke taɓa ta ba, amma waɗanda ke yawan amfani da ita sosai sakamakonsu ya fi na kowa rauni, kuma ƙasashen da suka zuba kuɗi mai yawa a na'urori ba su ga wani ci gaba na a zo a gani ba a karatu ko lissafi ko kimiyya. Irin wannan rahoto yana nuna abubuwan da ke tafiya tare ne kawai, bai tabbatar da cewa wannan ne ya jawo wancan ba, amma ya yi daidai da abin da aka gani a Peru.

Sai dai in na tsaya a nan ban yi wa na'ura adalci ba. A birnin Delhi na Indiya, Karthik Muralidharan da abokan aikinsa sun gwada wata manhaja mai suna Mindspark a kan ɗalibai fiye da 600 na makarantun gwamnati, su ma ta hanyar ƙuri'a. Aikin manhajar shi ne ta fara auna inda kowane yaro ya tsaya a zahiri, ba tare da la'akari da ajin da sunansa yake ba, sannan ta riƙa ba shi tambayoyi daidai da matakinsa, tana ƙara musu wahala idan ya ci, tana komawa baya ta gano tushen kuskurensa idan ya faɗi. A cikin wata huɗu da rabi, ci gaban da waɗannan yara suka samu a lissafi da harshen Hindi ya ninka na takwarorinsu da ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba. Binciken ya kuma fito da wani abu da kowane malami ya sani a zuciyarsa, wato a cikin aji ɗaya akwai yaran da tazarar da ke tsakanin fahimtarsu ta kai ta shekara biyar ko shida ta karatu. Malami ɗaya da alli ɗaya ba zai iya koyar da darussa shida a lokaci guda ba, manhajar kuwa ta iya. Ya kamata a lura kuma cewa yaran ba a bar su da na'ura su kaɗai ba, domin rabin lokacin suna gaban kwamfuta ne, rabin kuma suna tare da mai koyarwa a ƙaramin rukuni.

Saboda haka, idan za ki rubuta ra'ayinki, ina ba ki shawara ki sauya tambayar da aka ɗora muku. Maimakon a tambayi wace na'ura za a saya, a fara tambayar wace matsalar koyo ce ta fi damun makarantar, sannan a duba ko akwai manhajar da aka tabbatar tana magance ta. Idan babu wanda zai iya faɗin sunan matsalar da sunan manhajar, to sayen kwamfutocin ya zama sayen kifi a ruwa.

Malamin Lissafi ya amsa:

Allah ya saka wa Malam da alheri bisa wannan bayani. Ban musanta ko ɗaya daga cikin binciken da ya kawo ba, amma ina tsoron kada mai karatu ya fita da tunanin cewa amfanin na'ura ya taƙaita ga manhaja irin ta Delhi, alhali akwai abubuwan da nake yi da ita a kowane mako waɗanda a da ba ni da hanyar yin su.

Ga misali ɗaya. Kowane malamin lissafi yana koyar da cewa jimillar kusurwoyin alwatika digiri 180 ne, kuma yawancin ɗalibai suna haddace wannan ne kawai kamar yadda suke haddace kwanan wata a tarihi. Da manhajar GeoGebra, wadda kyauta ce, nakan zana alwatika a majigi, awon kowace kusurwa yana rubuce a gefenta, jimillar kuma tana ƙasa. Sai na kira ɗalibi ya kama tsini ɗaya ya ja shi duk inda ya ga dama. Lambobin nan uku suna ta canzawa, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, amma 180 ɗin nan ba ta motsi. Kusan kullum sai an samu wanda zai ce a bar shi ya danne alwatikar har ta kusa zama miƙaƙƙen layi, yana tsammanin a nan ne ƙa'idar za ta karye, sai ya ga kusurwa ɗaya ta kai 178 sauran biyun sun koma ɗaya-ɗaya. Daga nan ne tambayar da nake jira take fitowa daga bakinsu: me ya sa ba ta canzawa? Wannan tambaya ita ce ƙofar hujjar da zan rubuta a allo, kuma yanzu su ne suke neman ta. Gani ya kori ji.

A fanninki ma, Malama, akwai kwaikwayon gwaje-gwaje na PhET, wanda Carl Wieman, masanin da ya ci kyautar Nobel a 2001, ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, kuma shi ma kyauta ne. Ɗalibi zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila, ya ga yadda lantarki ke gudana a cikin wayar, ya ƙara ƙwai na biyu ya ga hasken ya ragu, ya haɗa bakunan batir biyu da waya kai tsaye ya ga wuta ta kama ba tare da kowa ya ƙone ba. Abin da ido ba ya gani a gwajin gaske, kwaikwayon yana nuna shi. Amma ba zan taɓa ba da shawarar a maye ɗakin gwaje-gwaje da shi ba, domin a fuskar kwamfuta waya ba ta taɓa kwancewa, batir ba ya yin sanyi, kuma yaron da bai taɓa fama da haɗin da ya ƙi kawo wuta ba bai koyi haƙurin bin diddigin matsala ba, wanda shi ne rabin kimiyya.

Abu na biyu shi ne saurin gano kuskure. Idan na ba da aikin aji a takarda, sai na kai shi gida na duba, kuma kafin na dawo da shi an riga an wuce zuwa wani darasi. Idan kuwa na jefa tambaya ɗaya kowa ya amsa a na'ura, nan take nake ganin cewa, alal misali, kusan rabin aji sun ce rabi a tara da sulusi ya ba da biyu bisa biyar, wato sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. A wannan lokacin nake tsayar da komai na gyara, kafin kuskuren ya zauna musu a kai. Yaron da kunya ke hana shi ɗaga hannu ma yana amsawa, tun da ba wanda ya san tasa amsar sai ni.

Akwai kuma waɗanda na'ura ta buɗe musu ƙofar da a da take rufe ruf. Ɗalibi makaho da ke da manhajar karanta rubutu da murya, irin su NVDA wadda ba a biyan ko sisi a kanta, yana iya karanta littafi ɗaya da abokansa a rana ɗaya, ba sai ya jira an mayar masa da shi rubutun makafi ba. Mai raunin gani yana ƙara girman haruffa, mai raunin ji yana karanta abin da ake faɗa a ƙasan bidiyo. A wurin waɗannan yara maganar ba ta ƙarin maki ba ce, magana ce ta shiga darasi ko zama a gefe, don haka duk shawarar da za ku yanke, a fara ware musu kasonsu.

Idan kika lura, yawancin abin da na lissafa majigi ɗaya da kwamfuta ɗaya sun ishe shi. Ban da kayan ɗalibai masu bukata ta musamman, tambayoyin nan take ne kaɗai ke bukatar na'ura a hannun ɗalibai, kuma ko su ana iya yin su da na'ura ɗaya ga mutum biyu ko uku, wanda a ganina ya ma fi, saboda dole su yi gardama a tsakaninsu kafin su danna amsa.

Tsohon Shugaban Makaranta ya amsa:

Malama, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya neman shawara kafin ki sa hannu. Ni zan yi magana ne a kan tambayarki ta uku, domin ita ce wadda masu sayar da kaya ba sa ɗagowa.

Kuɗin sayen na'ura wani ɓangare ne kawai na abin da za a kashe a kanta tsawon rayuwarta. Bayan an saya, akwai wurin ajiya mai tsaro, akwai inda za a yi wa na'urori masu yawa caji a lokaci guda, akwai gilashin da zai fashe, akwai batir da ƙarfinsa ke raguwa bayan 'yan shekaru, akwai lasisin manhaja da ake sabuntawa duk shekara, akwai kuɗin intanet mai ƙarfin ɗaukar aji guda a lokaci ɗaya, akwai kuma albashin wanda zai riƙa gyara. Tallafi sau ɗaya yake zuwa, waɗannan kuwa ba sa yankewa. Na ga makarantun da suka yi bikin raba na'urori, bayan 'yan shekaru aka tarar da su jibge a ɗakin ajiya, wasu sun mutu, wasu kuma lafiyarsu ƙalau amma manhajar da ke cikinsu ta daina aiki saboda ba a biya ba. Littafin da aka saya a shekara ɗaya da su yana nan ana karanta shi.

Kada kuma a ɗauka cewa wannan matsalar masu ƙaramin ƙarfi ce kawai. A 2013 hukumar makarantun birnin Los Angeles na Amurka ta fara wani shiri na sama da dala biliyan ɗaya domin bai wa kowane ɗalibi kwamfutar hannu ta iPad. Cikin 'yan kwanaki da fara rabawa, ɗaruruwan ɗalibai suka gano yadda za su cire takunkumin da aka sa wa na'urorin suka shiga shafukan sada zumunta, darussan da aka yi alƙawarin za su zo a ciki ba su kammala ba, malamai ba su samu isasshen horo ba, kuma kafin ƙarshen 2014 aka dakatar da shirin. Kuɗi ba su yi musu ƙaranci ba, abin da ya yi ƙaranci shi ne shiri da horo.

Horon malamai shi ne inda na fi son ki matsa. Taron bita na kwana ɗaya da ake nuna wa malami inda zai danna ba horo ba ne. Malami yana bukatar lokaci a cikin jadawalin aikinsa da zai zauna ya sake tsara darasinsa, da abokin aikin da zai shiga ajinsa ya gani ya ba shi shawara. Idan ba a yi haka ba, abin da ke faruwa shi ne darasin minti 40 ya rasa minti goma wajen rabawa da kunnawa da neman kalmar sirrin da aka manta da jiran shafi ya buɗe, sauran kuma a yi abin da da littafi ma za a iya yi.

Game da rabuwar hankali da kika ambata, abin da kika gani ba laifin tarbiyyar ɗalibanki ba ne kawai. A makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka da ke West Point, inda ba a wasa da ladabi da biyayya, an raba azuzuwan darasin tattalin arziki ta ƙuri'a: wasu an hana su na'ura gaba ɗaya, wasu an bar su da ita, wasu kuma an yarda musu da kwamfutar hannu kaɗai bisa sharaɗin a kwantar da ita a kan tebur inda malami ke gani. A jarrabawar ƙarshe, waɗanda aka hana na'ura sun fi sauran rukunonin biyu maki. Idan haka ta faru da manyan ɗalibai masu horon soja, sai mu yi tunanin ɗan shekara goma sha biyu. Yawancin manhajojin da ke cikin waɗannan na'urori ƙwararru ne suka tsara su musamman domin su riƙe hankalin mutum, kuma ba daidai ba ne a bar yaro ya yi kokawa da su shi kaɗai sannan a zarge shi idan suka kayar da shi. Wannan ne ya sa Faransa ta hana wayar hannu a firamare da ƙananan sakandare tun 2018, Holan ma ta fitar da ita daga azuzuwan sakandare a farkon 2024. Wani bincike da aka yi a biranen Ingila huɗu ya nuna cewa hana waya ya fi amfanar ɗalibai masu rauni, masu ƙoƙari kuwa bai canza musu komai ba, ko da yake da aka maimaita irinsa a Suwidin ba a ga wani bambanci ba, don haka maganar ba ta gama zama ba tukuna.

Abu na ƙarshe da zan ce a duba shi ne bayanan yara. A 2022 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu 164 da gwamnatocin ƙasashe 49 suka amince da su lokacin annobar korona, ta gano cewa kashi 89 cikin 100 suna bibiyar yara ko suna da hanyar yin hakan, kuma da yawa suna miƙa bayanan ga kamfanonin talla. Kafin makaranta ta buɗe wa yaro asusu a kowace manhaja, wajibi ne wani ya karanta sharuɗɗanta ya san abin da take tattarawa da inda take kai shi, a kuma sanar da iyaye, domin amanar yaran tana wuyan makaranta.

Malamar Harshe, kuma uwa, ta amsa:

'Yar'uwa, ni damuwata tana kan karatu da rubutu ne, domin su ne ginshiƙin duk sauran darussa, har da naki. Masana a Sifaniya sun tattara sakamakon bincike masu yawa a 2018, suka ga cewa idan rubutu na bayani ne, kamar na littafin kimiyya ko tarihi, mutane sun fi fahimtarsa a takarda fiye da a fuskar na'ura, musamman idan lokaci ya ƙure musu, alhali a ƙagaggen labari bambancin bai fito ba. Abin da nake gani a aji ya yi daidai da haka. Yaron da ya saba da ja da yatsa yana tsallake layuka yana neman amsa, kuma idan aka ba shi shafi uku masu ɗauke da hujja mai hawa-hawa sai ya gaji tun a na farko. Suwidin, wadda tana cikin ƙasashen da suka fi gaggawar shigar da na'ura azuzuwa, ta sanar a 2023 cewa za ta mayar da hankali kan littattafan takarda da rubutun hannu ga ƙananan yara, ta kuma ware kuɗi domin sayen littattafan.

Sai kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya da rubuta abin da aka nema, a ƙarshen 2022 ta canza ma'anar aikin gida. Insha'in da ake kawo mini yanzu yakan zo tsaf babu kuskure, amma idan na nemi mai shi ya bayyana mini abin da yake nufi da sakin layi na biyu sai ya yi shiru. Masana daga Jami'ar Pennsylvania sun gwada wannan a kan ɗaliban sakandare kusan dubu ɗaya a Turkiyya. Waɗanda aka ba su GPT-4, wata manhaja irin ChatGPT, lokacin atisayen lissafi sun fi waɗanda ba a ba su na'ura ba da kashi 48 cikin 100 a atisayen, amma da aka karɓe na'urar aka yi jarrabawa, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin 100. Rukunin da aka ba su wani nau'i da aka tsara shi ya riƙa ba da haske kawai ba tare da faɗin amsa ba, su ba su yi wannan faɗuwar ba. Wahalar da yaro ke sha kafin ya kai ga amsa ita ce koyon, kuma duk na'urar da ta ɗauke masa ita ta tafi da abin da ya zo nema. Ni dai yanzu rubutun farko a gabana ake yin sa, da biro da takarda, sannan a yi amfani da na'ura wajen gyara da neman ƙarin bayani.

A matsayina na uwa kuma, ina roƙon a tuna cewa gidaje ba ɗaya ba ne. Lokacin da aka rufe makarantu a 2020, UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 ba su samu hanyar bin karatu daga gida ba. Duk aikin gidan da ba ya yiwuwa sai da intanet, ya riga ya ware waɗanda za su yi shi da waɗanda ba za su iya ba tun kafin a tashi daga makaranta.

Malamar Kimiyya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Hankalina ya karkata ga majigi a kowane aji, da kayan taimako ga ɗalibai masu bukata ta musamman, da kuma rukunin kwamfutocin hannu guda ɗaya da azuzuwa za su riƙa karɓa bi da bi idan darasi ya bukata. Amma na san masu ɗaya ra'ayin za su ce na hana yara koyon kwamfuta, kuma za su nemi a gwada nasu tsarin. Idan aka amince a gwada, ta yaya za mu san ko ya yi amfani ba tare da kowa ya ga abin da yake son gani ba?

Mai Nazarin Harkokin Ilimi ya sake amsawa:

Game da koyon kwamfuta, hujjarsu tana da ƙarfi, amma wannan darasi ne mai zaman kansa da ke bukatar lokacinsa da malaminsa, inda za a koyi buga rubutu da tsara jadawali da tantance sahihin bayani daga na ƙarya, kuma rukunin na'urorin da kika ambata ya isa a yi shi.

Game da gwajin kuwa, a zaɓi darasi ɗaya da manhaja ɗaya na tsawon zango guda. Idan kuna da azuzuwa biyu ko fiye a mataki ɗaya, a jefa ƙuri'a wajen zaɓen wanda zai fara, kada a bar wa malamin da ya fi ɗokin abin ya zaɓi ajin da ya fi ƙoƙari, kuma zai fi kyau a ce malami ɗaya ne ke koyar da duka azuzuwan. A yi wa kowa jarrabawa iri ɗaya a farkon zango da ƙarshensa, a takarda, ba tare da na'ura ba, wanda zai duba kuma kada ya san daga wane aji takarda ta fito. A rubuta tun yanzu, kafin a fara, irin sakamakon da za a ɗauka a matsayin nasara, kowane ɓangare ya sa hannu. A kuma riƙe ɗan littafi da za a riƙa shigar da mintunan da aka rasa wajen kunnawa da gyara, da adadin na'urorin da suka lalace. Lokacin duba sakamako, kada a tsaya kan matsakaicin makin aji kawai, a ware makin ɗalibai masu rauni a dube shi daban, domin abu ne mai yiwuwa matsakaicin ya hau alhali su sun ƙara nutsewa. Azuzuwa biyu ba su isa su tabbatar da ƙaramin bambanci ba, saboda haka idan tazarar ta fito kaɗan ce, a ɗauke ta a matsayin babu, a sake gwadawa a zango na gaba da wasu azuzuwan kafin a sayi sauran na'urorin.